Yadda mai rubuta manhaja zai nemi aiki a lokacin da kasuwa ba ta ci

Mai rubuta manhajar da ya tura takardar neman aiki wuri ɗari biyu ba a kira shi ko sau ɗaya ba, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya ƙara tura wasu ɗari biyun. Nan kuskuren yake. Idan guga ya huje, yawan zura shi a rijiya ba zai cika randa ba. Neman aiki matakai ne a jere, kuma kowane mai nema akwai matakin da yake faɗuwa. Gano wannan matakin shi ne aikin farko. Amma yana da kyau a fara sanin abin da ya sami kasuwar, domin wanda bai san dalili ba yakan ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, ko ya ɗora wa kasuwa laifin da nasa ne.

Abin da ya faru

Ruwa ba ya tsami banza. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, ciniki da karatu da tarurruka suka koma intanet, kuɗin ruwa a Amurka kuma ya sauka kusan sifili. Bashi ya yi araha, masu zuba jari suka saki hannu, kamfanoni suka ɗebi ma'aikata fiye da bukatarsu. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, zuwa Yulin 2023 ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 cikin ɗari. Sai sallama ta biyo baya. Kamfanin Meta ya sallami kimanin mutum 11,000 a Nuwamban 2022, ya sake sanar da wasu 10,000 a Maris na 2023. A Janairun 2023 kaɗai Google ya sanar da rage 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuwa 18,000.

Akwai kuma wani sauyin dokar haraji a Amurka da ba a cika ambata ba. Daga 2022, kamfani ba zai iya cire kuɗin da ya kashe wajen ƙera manhaja gaba ɗaya daga ribar da ake yi wa haraji a shekarar da ya kashe su ba, sai dai ya rarraba su a kan shekara 5, ko shekara 15 idan a wajen ƙasar aka yi aikin. An sassauta ɓangaren cikin gida a 2025, na waje yana nan. A tsakiyar wannan hali ne ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai amsa tambaya har da rubuta manhaja, ya fito, ranar 30 ga Nuwamban 2022. Ana ta muhawara kan ko ƙirƙirarriyar basira ta cinye guraben sababbin hannu da gaske, amma ga mai neman aiki muhawarar ba ta da amfani sosai: muddin mai ɗaukar ma'aikata ya yi imanin cewa mutum uku za su yi aikin biyar, to gurbi biyu sun tafi, ko imaninsa daidai ne ko ba daidai ba.

Abin da duk wannan ya haifar a teburin mai ɗauka abu ɗaya ne. Ba ya gaggawa, masu nema sun yi masa yawa, har da tsofaffin hannun da suka yarda su sauko ƙasa, kuma abin da ya fi tsoro shi ne ya ɗauki wanda bai dace ba alhali gurbi ɗaya aka ba shi a shekarar. Duk shawarar da ke ƙasa manufarta ita ce rage masa wannan shakkar.

Buɗe jadawali kafin ka sake tura komai

Ka buɗe jadawali a Excel ko Google Sheets, kowane wurin da ka nema layi guda. A rubuta sunan kamfani, matsayin, ranar da aka saka tallar, ranar da ka tura, hanyar da ka bi, watau ta shafin talla ne ko wani ne ya gabatar da kai, wace takarda ka tura, sannan matakin da maganar ta tsaya. Matakan a mafi yawan kamfanoni su ne: tura takarda, kiran tantancewa na minti 15 zuwa 30 da jami'in ɗaukar ma'aikata, jarrabawar kod (rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi), ganawa da waɗanda za ku yi aiki tare, sai tayin aiki.

Bayan mako huɗu zuwa shida jadawalin zai fara magana. Idan ka tura wuri arba'in da suka dace da kai ba kira ko ɗaya, matsalar tana takardarka ko irin wuraren da kake nema, kuma kwana kana warware tambayoyin LeetCode, shafin atisayen jarrabawar kod, ba zai gyara ta ba. Idan ana kiranka amma magana tana mutuwa a kiran farko, duba yadda kake gabatar da kanka, ko albashin da kake faɗa, ko batun izinin aiki. Idan a jarrabawar kod kake faɗuwa, to atisaye ne maganin. Wanda kuwa yake kaiwa zagayen ƙarshe sau biyu ko uku ba a ɗauke shi ba, yawanci babu abin da ya lalace a wurinsa. Wani ne ya fi shi dacewa da ɗan kaɗan, shi mai neman ya ci gaba a kan hanyarsa, kada ya rushe abin da ke aiki.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ka sauya takarda da irin kamfani da saƙon gabatarwa duk a mako ɗaya, ba za ka san wanne ne ya yi tasiri ba. Wannan ka'idar ma ai mai rubuta manhaja ya san ta daga farautar kuskure a cikin kod.

Takardar bayanin kai

Takardar da aka fi sani da si-bi, a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Manyan kamfanoni da matsakaita suna karɓar takardu ne ta manhajojin tattara masu nema, irin su Workday, Greenhouse da Lever. Ya yaɗu a bakin mutane cewa na'ura ce ke karanta takarda ta jefar da ita kafin idon ɗan Adam ya gan ta. Maganar ta fi haka sauƙi. Manhajar tana tsinto rubutunka ta zuba a gurabe: suna, wuraren aiki, shekaru, ƙwarewa. Jami'in ɗauka yana neman kalma a cikin tarin, ko ya bi su bisa jerin isowarsu har ya sami adadin da ya ishe shi ya tsaya. Inda ake yin watsi kai tsaye ba tare da mutum ba shi ne tambayoyin e ko a'a na cikin fom: kana da izinin aiki a ƙasar nan, kana da shekaru kaza na gogewa, za ka iya zuwa ofis. Wanda ya sami saƙon ban haƙuri minti goma bayan turawa, sau da yawa ɗaya daga cikin waɗannan ce ta kayar da shi.

Ga gwaji mai sauƙi. Buɗe takardarka ta PDF, zaɓi dukkan rubutun, kwafa, ka liƙa a Notepad. Abin da ka gani kusan shi manhajar ke gani. Idan layuka sun cakuɗe, kwanan wata ya rabu da sunan kamfani, ko wani ɓangare ya ɓace gaba ɗaya, to adon ne ya jawo. Shafi mai ginshiƙi biyu, akwatunan rubutu, hotuna masu ɗauke da rubutu, da waɗannan sandunan da ke nuna wai ka iya Python kashi tamanin cikin ɗari, duk a cire su. Ginshiƙi ɗaya, kanun da kowa ya sani, shafi ɗaya ga wanda bai kai shekara takwas ko goma a sana'ar ba. Hoton fuska ya danganta da ƙasa: a Amurka da Birtaniya ba a sakawa, a Jamus har yanzu wasu suna sakawa.

Sai abin da ke cikin layukan. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: “Na yi aiki a kan manhajar biyan kuɗi da Python da PostgreSQL.” Na biyu: “Rahoton ƙarshen wata yana ɗaukar minti 40 kafin ya fito, na gano tambayoyin SQL uku da ke karanta teburi gaba ɗaya, na saka musu fihirisa, ya koma minti 3.” Na farko ya nuna kana wurin lokacin da ake aikin. Na biyu ya nuna akwai matsala, kai ka gano ta, ga abin da ka yi, ga sakamako, kuma ya miƙa wa mai ganawa da kai tambayar da ka riga ka san amsarta. Kowane layi ya yi ƙoƙarin zama irin na biyun. Inda ba ka da alƙaluma kada ka ƙirƙira, domin za a tambaye ka yadda ka auna. Faɗi girman abin kawai: mutum nawa ke amfani da shi, ku nawa ne a aikin, wane ɓangare ne naka kai kaɗai.

Yi amfani da kalmar da tallar ta yi amfani da ita, in dai gaskiya ka iya abin. Idan sun rubuta PostgreSQL kai kuma ka rubuta “rumbun bayanai” kawai, mai nema da kalma ba zai same ka ba. Amma jera harsuna da kayan aiki ashirin da biyar illa ce. Tsohon hannu da ya ga haka ya san biyar ka riƙe, sauran wucewa ka yi ta gefensu, sai ya fara shakkar biyar ɗin ma. Ba lallai ne ka sake rubuta takarda ga kowane kamfani ba. Kwafi biyu ko uku sun isa, misali ɗaya na aikin ɓangaren saba (kwamfutar da ke aiki a bayan fage), ɗaya na ɓangaren da mai amfani ke gani, ɗaya na sarrafa bayanai, sai ka riƙa gyara layuka ukun sama gwargwadon talla.

Giɓin watanni ba tare da aiki ba kuwa, layi ɗaya ya ishe shi: an rage ma'aikata a wata kaza, ga abin da kake yi tun lokacin. Bayan sallamar da aka yi ta yi, babu mai ɗaukan ma'aikatan da wannan zai ba mamaki. Ɓoyewa da murɗa kwanan wata shi ke jawo zargi.

Ina ake nema

Lokaci yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Talla a LinkedIn ko Indeed takan tara ɗaruruwan masu nema cikin kwana biyu, jami'in kuma ba zai karanta duka ba. Saita sanarwa ta zo maka kullum, ka tura cikin kwana ɗaya zuwa uku. Tallar da ta haura wata guda, ko wadda ake ta sabuntawa wata bayan wata, ka leƙa shafin kamfanin da kansa. Idan ba ta can, wuce. Wasu tallolin an riga an cike gurbinsu, wasu kuma an bar su ne don tara takardu ko don kamfani ya nuna yana bunƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kowa ya nufi ƙofa ɗaya: sanannun kamfanonin fasaha da aikin da ake yi daga gida. Bankuna, kamfanonin inshora, asibitoci, masana'antu, kamfanonin sufuri da jigilar kaya, jami'o'i da hukumomin gwamnati duk suna da manhajojin da dole wani ya kula da su, ko kasuwa na ci ko ba ta ci. Ayyukansu ba su da ƙyalƙyali, yawanci Java ne da C# da SQL, wani lokaci ma COBOL, harshen da aka ƙirƙira tun 1959 wanda har yau yake riƙe da lissafin manyan bankuna da yawa. Masu nema a can sun fi ƙaranci, jarrabawarsu kuma ta fi kusa da aikin yau da kullum. A tallarsu ma ba kullum suke kiran matsayin da mai rubuta manhaja ba, wani lokaci mai nazarin tsari ko mai kula da manhajojin ofis za ka gani.

Aikin nesa yana da tarko. Tallar da ta ce daga ko'ina, sau da yawa nufinta ko'ina a cikin ƙasar da kamfanin ke da rajista, saboda haraji da dokokin ƙwadago. Kamfanin da ke ɗauka daga wata ƙasa da gaske yakan yi ta kwantiragi, ko ta kamfanonin da ke tsayawa a matsayin mai ɗauka a hukumance, irin su Deel da Remote, kuma yakan faɗi awannin da yake so lokacinku ya haɗu. Idan tallar ba ta ambaci ko ɗaya ba, tambaya tun a saƙon farko.

Game da sharuɗɗan da ake jerawa: idan ka riƙe ainihin harshen da aikin ke bukata da kusan kashi biyu cikin uku na sauran, nema. Tallar da ta ce shekara uku, mai shekara biyu da aiki mai kyau a hannu zai iya shiga. Wadda ta ce bakwai, mai shekara ɗaya ɓata lokacinsa yake.

Mutane

Takardar da ma'aikacin ciki ya miƙa ba ta shiga dogon layi, kuma dalilin shi ne shakkar nan da aka ambata: wani da aka sani ya ce ya san ka. Kamfanoni da yawa ma suna ba ma'aikacinsu lada idan aka ɗauki wanda ya kawo, don haka ba roƙo kake ba, kada kunya ta hana ka.

Fara da waɗanda suka taɓa ganin aikinka: tsofaffin abokan aiki, abokan karatu, malamai, wanda ka taɓa yi wa ƙaramin aiki. Rubuta sunaye ashirin zuwa talatin. Saƙon kada ya wuce jimla biyar, kuma kada ya zama “don Allah idan ka ji wani aiki ka tuna da ni”, domin wannan ya ɗora wa mutum nauyin tunani, zai ce to ya manta. Ka ce masa ka ga gurbi kaza a kamfaninsu, ga mahaɗin tallar, ga dalilai biyu da suka sa ka dace, ga takardarka, ko zai iya miƙawa. Ka sauƙaƙa masa har ya zama tura saƙon gaba kawai ya rage masa.

Wanda bai san ka ba, kada ka fara da neman ya tsaya maka, ba zai sa sunansa a kan wanda bai taɓa gani ba. Tambaya ɗaya takamaimai game da aikin sashensu ta fi samun amsa. Idan mako ya wuce shiru, tuni ɗaya ya isa, daga nan a bar shi.

Aiki ɗaya da za a iya gani

Gani ya kori ji, musamman ga sabon hannun da ba shi da tarihin aiki. Sai dai shafin GitHub (dandalin ajiye kod da nuna shi) mai ɗauke da ayyuka goma sha biyar da aka kwaikwaya daga darussan bidiyo, manhajar jerin ayyukan yini da ta hasashen yanayi da kwaikwayon wani sanannen shafi, ba ya nuna komai. Mai dubawa ya ga irinsu ɗari, kuma ya san yanzu ana iya sa na'ura ta rubuta su cikin rabin awa.

Aiki ɗaya ya fi, in dai ya cika waɗannan: yana warware matsalar wasu mutane na gaske ko da goma ne, an ɗora shi a intanet ana iya taɓa shi, yana da rumbun bayanai da hanyar shiga da kalmar sirri, yana da gwaje-gwajen da ke gudana da kansu duk lokacin da aka tura sabon kod, kuma fayil ɗin README, watau takardar bayanin aikin, ya bayyana yadda za a tayar da shi cikin minti biyar. A cikin README ɗin ka ƙara sakin layi biyu kan zaɓin da ka yi da dalilinsa, da abin da ya lalace bayan mutane sun fara amfani da shi da yadda ka gyara. Wannan ɓangaren shi ne zinariyar, domin shi ne abin da darasi ba ya koyarwa. Kafin ka nuna wa kowa, bincika tarihin Git ɗin, inda ake adana duk sauyin da ka taɓa yi wa kod, ka tabbata babu kalmar sirri ko mabuɗin wani asusu da ka taɓa turawa. Goge shi daga fayil ba ya goge shi daga tarihi, sai an soke mabuɗin an yi sabo.

Ba da gudummawa ga manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda kod ɗinsu ke a fili ga kowa, yana nuna wani abu dabam, watau za ka iya shiga kod ɗin wasu, ka bi ƙa'idarsu, ka karɓi gyara. Zaɓi manhajar da kake amfani da ita, karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, nemi matsalolin da aka yi wa alamar sababbin shiga, ka fara da ƙarami. Kada ka tura gyaran da na'ura ta rubuta wanda kai kanka ba ka fahimta ba. Masu kula da irin waɗannan ayyuka sun gaji da shi, kuma da sunanka zai zauna a fili. Shirin Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, tun 2022 ya buɗe ga sababbin masu ba da gudummawa 'yan shekara 18 zuwa sama ko ba ɗalibai ba ne, kuma ana biya. Outreachy ma horo ne na wata uku da ake biya, daga nesa.

Jarrabawa da ganawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyin algoridim (dabarar warware matsala mataki-mataki) da ake yi a shafukan jarrabawa irin su HackerRank ko Codility, ko kai tsaye gaban mai ganawa cikin minti 45, salo kaɗan ne ke maimaita kansu: teburin nema da mabuɗi, manuni biyu, taga mai zamewa, nema ta hanyar raba jeri biyu, bin reshe da zurfi ko da faɗi, sai tsarin ajiye amsoshin ƙananan matsaloli. Tambaya 70 zuwa 100 da aka zaɓa bisa salo, aka fahimce su, sun fi 400 da aka haddace. Awa ɗaya a rana, da agogo. Minti 25 ka cije, leƙa amsa, rufe ta, rubuta da kanka, ka sake dawowa kanta bayan kwana uku.

A ɗakin ganawa abin da ake aunawa ya wuce amsa. Ɗauki sananniyar tambayar nan: ga jerin lambobi, nemo biyu da jimlarsu ta ba da wata lamba. Wanda ya yi shiru minti goma sannan ya rubuta amsa daidai, bai kai wanda ya fara tambaya ko jerin zai iya zuwa babu komai, ko lamba za ta iya maimaituwa, sannan ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a gwada kowace lamba da kowace, amma idan jerin ya ninka sau goma aikin zai ninka sau ɗari, don haka zai riƙa ajiye lambobin da ya wuce a teburi ya bi jerin sau ɗaya. Magana kana rubutu ba ta zuwa da kanta, sai an yi atisaye da baki, da aboki ko da naɗar murya.

Aikin da ake ba ka ka yi a gida, idan sun ce awa uku ko huɗu, kada ka kashe masa kwana uku. Kammala ainihin abin da aka nema, saka gwaji, ka rubuta abin da ka bari da gangan da abin da za ka ƙara da akwai lokaci. Tambayi ko an yarda a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, domin wasu sun hana, wasu kuma so suke su ga yadda kake sarrafa ta. Ko ma wanne ne, za a zaunar da kai a ce sauya nan, me ya sa ka yi haka a can. Layin da ba za ka iya karewa ba kada ya shiga. Aikin gwajin da ya kai mako guda, ko wanda ya yi kama da wani ɓangare na hajar kamfanin, kana da damar neman a biya ko ka ƙi.

Sai tambayoyin hali. Tanadi labarai shida na gaske daga aikinka ko karatunka: kuskuren da ka yi ya ɓata wani abu, saɓani da abokin aiki, wa'adin da ya kuɓuce, abin da ka koya cikin gaggawa, da makamantansu. Kowanne minti biyu: halin da ake ciki, abin da kai ka yi, yadda ta ƙare. Masu yawan cewa “mun yi, mun gyara” sukan bar mai tambaya bai san rawar da suka taka ba.

'Yan damfara

Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma inda masu nema suka matsu nan mazambata ke taruwa. Tsohuwar dabarar ita ce a ce ka biya kuɗin horo ko na kayan aiki, ko a ɗauke ka ta saƙon Telegram ba tare da an ga fuskarka ba. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗi daga mai neman aiki. Sabuwar dabarar kuwa masu rubuta manhaja aka ɗana wa. A Nuwamban 2023 masu binciken tsaro na kamfanin Palo Alto Networks suka fallasa wani shiri da suka danganta da Koriya ta Arewa, inda jami'in ɗauka na bogi ke turo kod a matsayin jarrabawa, ya ce ka sauke ka tayar. Da ka buga npm install, umarnin da ke sauko da kayan da kod ɗin ke bukata, ka kunna, ɓoyayyen kod ya kwashe kalmomin sirrin da ke burauzarka da lalitar kuɗin kirifto. Don haka duk kod ɗin da baƙo ya turo, a cikin keɓaɓɓiyar kwamfutar kwaikwayo ake buɗe shi, irin wadda VirtualBox ke yi, wadda babu asusunka ko ɗaya a cikinta. Karanta fayil ɗin package.json, wanda ke jera abin da za a sauke da abin da za a kunna, kafin ka buga komai. Duba kuma ko adireshin imel ɗin na kamfanin ne harafi da harafi, ko gurbin yana shafinsu. Hoton fasfo da bayanan banki sai bayan an sa hannu a takardar aiki.

Idan abin ya ja, da kuma ranar da tayi ya zo

Lissafa watannin da ajiyarka za ta ɗauke ka, ka sa wa kanka ranar da idan ta zo za ka faɗaɗa nema. Kwantiragin wata uku ko shida, gwajin manhaja, taimakon abokan ciniki ta fannin fasaha, aikin SQL da haɗa rahoto, duk suna riƙe hannunka a cikin sana'ar, kuma kamfanoni da dama sun fi sakin jiki su tabbatar da ɗan kwantiragin da suka gwada. Da babu gara ba daɗi, amma kafin ka karɓa tambayi ko akwai wanda ya taɓa tashi daga wannan kujerar ya koma rubuta kod a kamfanin. Komawa makaranta don ƙarin digiri ko tara takardun shaida saboda tsoro kawai, yawanci jinkirta matsalar ne da tsada. Takardar shaida tana da amfani ne inda tallolin da kake nema suka ambace ta da suna, kamar na AWS na kamfanin Amazon ko Azure na Microsoft.

Idan tayi ya zo, nemi a rubuce, ka nemi kwana biyu ko uku ka karanta. Ko a kasuwa irin wannan ana iya neman ƙari sau ɗaya, cikin ladabi da hujja. Idan albashi ya ƙi motsi, a gwada ranakun hutu, ranar farawa, ko alkawarin sake duba albashi bayan wata shida, shi ma a rubuce. Hannun jarin da ƙananan kamfanoni ke haɗawa da albashi yawanci a kan shekara huɗu yake zama naka kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya tafi ko aka sallama kafin cika shekara ɗaya ba ya samun ko ɗaya, don haka kada ka lissafa shi a kuɗin da za ka rayu da su. Ƙaramin kamfani ka tambaye shi kai tsaye: wata nawa kuɗin da ke hannunsu zai kai su, gurbin sabo ne ko wani ne ya bari, yaushe suka yi sallama ta ƙarshe. Duba tsawon lokacin gwaji da wa'adin sanarwar sallama a cikin takardar tayin.

Kada ka ajiye aikin da kake yi, kada kuma ka janye daga sauran wuraren da kuke magana, sai an sa hannu, an kammala binciken da suke yi a kanka, an tsayar da ranar farawa. A Yunin 2022 kamfanin Coinbase ya janye tayin da wasu suka riga suka karɓa, kuma ba shi kaɗai ya yi hakan ba a shekarun nan. Sauran kamfanonin da ka kai zagayen ƙarshe da su, rubuta musu saƙon godiya na layi biyu ka ce ka karɓi wani aiki, ka adana sunayen jami'ansu a jadawalin nan tare da ranar da kuka yi magana ta ƙarshe.